Salsalar Nellie Grant da Salsalar Gonar da Ta Samu a Kenya

A shekarar 1677 aka ɗaura auren wata yarinya 'yar shekara 12 mai suna Mary Davies da wani saurayi ɗan babban gida, Sir Thomas Grosvenor, a birnin Landan. Amaryar ta shiga gidan miji da gadon da ya sauko mata ta wajen mahaifinta, wato fili kimanin eka 500 a yamma da birnin, wanda a wancan zamani fadama ce da makiyayar shanu da 'yan lambuna. Ba a fara gini a sashen da ake kira Mayfair ba sai wajen 1720, shi kuwa sashen Belgravia sai bayan 1820 aka tsane ruwansa aka aza harsashin gidaje, bayan ya yi kusan shekara 150 yana kwance. A duk tsawon wannan lokaci babu wata hukuma da ta zo ta ce tunda ba a gina komai a kansa ba, kuma ba a ga masu shi suna kwana a ciki ba, filin ya zama marar mai shi. Doka ta tsare wa zuriyar Grosvenor haƙƙinsu a kan fadamar har ranar da ta zama zinariya, kuma har yau su ke riƙe da babban kaso na waɗannan unguwanni, waɗanda suke cikin mafiya tsada a duniya.

Na fara da wannan aure ne saboda wata jikanyar gidan, Nellie Grant, wadda ita ma shekara 235 bayan haka ta sami kanta a kan fili eka 500, amma a wannan karo a Thika, arewa maso gabas da Nairobi, a ƙasar da Turawa suke kira Gabashin Afirka ta Birtaniya a lokacin, wato Kenya ta yau. Tarihin zuriyarta yana nan a rubuce daki-daki, ana iya bin sa daga uba zuwa kaka har ƙarnuka da yawa, kuma mutane da dama a Ingila suna karanta labarinta da sha'awa a matsayin labarin jarumar mace da ta bar daula ta shiga daji. Ra'ayina shi ne wannan labari rabi ne, kuma duk wanda ya ɗauki alƙalami zai rubuta salsalar wata Baturiya 'yar kama-wuri-zauna, wajibi ne ya bi salsalar ƙasar da ta zauna a kanta da irin ƙwazon da ya bi salsalar kakanninta. In bai yi haka ba, abin da ya rubuta ya fi kusa da kirari, ko da kuwa kowace shekara da kowane suna da ya kawo daidai ne.

An haifi Nellie a 1885, sunanta na yanka Eleanor Lilian Grosvenor. Mahaifinta, Lord Richard Grosvenor, wanda daga baya aka ba shi sarautar Stalbridge, ƙane ne ga Duke na Westminster na farko. Mutum ne sananne a siyasar zamaninsa, ya riƙe muƙamin bulaliyar jam'iyyar Liberal a majalisa a lokacin Firaminista Gladstone, sannan ya shugabanci ɗaya daga cikin manyan kamfanonin jirgin ƙasa na Ingila har shekara 20. Amma duk wannan suna bai sa 'yarsa ta zama mai dukiya ba, kuma a nan ne mai karatu Bahaushe zai ga wani abu da ya bambanta da abin da ya saba. A wurinmu, idan uba ya rasu, malamai ko alƙali su zauna su raba gado, kowane ɗa da kowace 'ya su ɗauki rabon da shari'a ta yanka musu, ko da gonar za ta koma 'yan ƙananan yankuna. A manyan gidajen Ingila kuwa al'adar ita ce babban ɗa namiji ya kwashe sarauta da gidan gado da mafi yawan ƙasa, domin kada dukiyar ta tarwatse. Ƙannensa maza su nemi aikin soja ko coci ko gwamnati, mata kuwa a nema musu miji. Wannan tsari ne ya hana fadamar Mary Davies rarrabuwa, kuma shi ne ya riƙa fitar da 'ya'yan manyan gida masu babban suna da ƙaramin aljihu, waɗanda suka saba da bayi da dawaki amma ba su da abin riƙe su.

Irin waɗannan ne suka cika jiragen ruwa zuwa ƙasashen mulkin mallaka. Nellie ta auri Josceline Grant, tsohon hafsan soja ɗan asalin Sikotilan wanda danginsa suka daɗe suna yi wa daular aiki a Indiya, suka haifi 'ya ɗaya tilo, Elspeth, a 1907. Kasuwancin da mijin ya gwada bai karɓe shi ba, kuɗi suka yi ƙasa, sai a 1912, shekarar da mahaifin Nellie ya rasu, suka nufi Gabashin Afirka da niyyar noman gahawa. 'Yar ta biyo su a 1913 tana da shekara 6. Ita ce daga baya ta zama marubuciya Elspeth Huxley, kuma ta hanyarta ne duniya ta san iyayenta: ta ba da labarin ƙuruciyarta a Thika a wani littafi da ya fito a 1959, aka mayar da shi wasan talabijin a 1981, sannan a 1980 ta buga wasiƙun da uwar ta yi fiye da shekara 40 tana aiko mata. A cikin labarin nata ta ce mahaifinta ya sayi filin ne a mashayar otal ɗin Norfolk da ke Nairobi, fam 4 kowace eka, tun kafin ya taka shi da ƙafarsa, kuma daga Nairobi a kan keken shanu suka tafi, tafiyar kwana biyu cikin ƙura da rana.

Ba ni da niyyar rage wa wannan mata ƙoƙarinta. Ta zauna a ɗakin ciyawa, ta koyi aikin da ba a yi renonta dominsa ba, ta sha fama da bashi da fari da cutar dabbobi. Gonar Thika ba ta ba su arzikin da suka yi mafarki ba, a farkon shekarun 1920 ta koma Njoro, a gefen dajin Mau, inda ta yi kimanin shekara 40 tana gwada noma da kiwo iri-iri, yawancinsu suna ƙarewa da asara, kuma bayan mijinta ya rasu a 1947 ita kaɗai ta ci gaba da riƙe gonar. Mace ce da al'adar gidansu ta tauye, ta kuma ƙi zama ta naɗe hannu. Wanda ya karanta wannan ya ji ta burge shi bai yi laifi ba. Laifin yana farawa ne daga inda marubuci ya tsaya a nan, bai tambaya ba: shi wanda ya sayar da filin a mashaya, daga hannun wa ya same shi, kuma da wace hujja?

Amsar tana cikin dokokin zamanin. Birtaniya ta shimfiɗa layin dogo daga Mombasa zuwa gaɓar tafkin Victoria tsakanin 1896 da 1901, ta kashe fiye da fam miliyan 5, sannan ta rasa kayan da jirgin zai ɗauka ya mayar da kuɗin. Kwamishinan yankin, Sir Charles Eliot, ya ga mafita ita ce a kira Turawa su zo su yi noma a tuddai masu sanyi da ke tsakiyar ƙasar. Dokar filayen gwamnati ta 1902 ta ba da damar a sayar ko a ba da hayar duk filin da ba a ga 'yan ƙasa zaune a kansa ba a lokacin awo, hayar shekara 99. Dokar 1915 ta tsawaita hayar zuwa shekara 999, ta kuma shigar da har filayen da aka keɓe wa 'yan ƙasa cikin mallakar Sarkin Ingila, kuma a 1921 babban alƙalin ƙasar ya yanke hukunci cewa 'yan Afirka masu zaman aro ne a kan ƙasar kakanninsu, ana iya tashinsu duk ranar da aka ga dama. Lord Delamere, jagoran Turawa 'yan kama-wuri-zauna, shi kaɗai ya sami eka 100,000 a Njoro a 1903.

Turawan sun daɗe suna cewa ƙasar da suka tarar fanko ce, kuma akwai dalilin da ya sa idonsu ya ga haka. A ƙarshen shekarun 1890 annobar shanu da fari da fara da agana sun haɗu sun yi wa yankin mummunar ɓarna, yunwa ta kashe jama'a da yawa a kudancin ƙasar Kikuyu, waɗanda suka tsira suka koma wajen dangi a arewa suna jiran abin ya lafa. Har yau Kikuyu suna kiran wannan masifa da sunan yunwar Turai, domin ta zo daidai da zuwan baƙin. Amma gonar da aka bari saura ba gonar da ba ta da mai ita ba ce, kowane manomi ya san wannan. Kikuyu suna da tsarin mallaka da suke kira githaka, inda fili yake hannun zuriya ɗaya da ake kira mbari, an san kakan da ya fara sare dajin ko ya saye shi da awaki, an kuma dasa tsirrai na musamman a kan iyaka a gaban shaidu. Ko da a ce ranar da mai awo ya zo Thika bai tarar da bukka ko ɗaya a kan waɗannan eka 500 ba, wannan bai fi a ce ba a tarar da gida ko ɗaya a Belgravia a 1750 ba. Dokar da ta fahimci cewa fadamar Landan tana da mai ita ko ba a gina ta ba, ita ce ta kasa fahimtar haka a bakin kogin Chania da ke Thika, kuma zuriya ɗaya ce ta ci moriyar fahimtar da rashin fahimtar.

Akwai wani mutum a cikin wannan tarihi da ya shafe mu kai tsaye. Sir Percy Girouard shi ne ya gaji Lugard a Arewacin Najeriya daga 1907 zuwa 1909, a zamaninsa aka fara aikin layin dogo daga Baro zuwa Kano, kuma shi ya sa aka kafa kwamitin da ya binciki sha'anin ƙasa, wanda daga aikinsa dokar 1910 ta fito. Dokar ta sa ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon gwamna, wanda shi ma ƙwace ne ta wata fuska, amma ta ce za a riƙe ta ne domin amfanin 'yan ƙasa, ta kuma toshe hanyar sayar wa baƙi gonaki yadda aka ga dama. Wannan mutumin da kansa, da aka mayar da shi Gabashin Afirka a 1909, shi ya jagoranci tashin Masai daga makiyayarsu ta Laikipia a 1911 domin a ba Turawa, alhali yarjejeniyar 1904 ta yi musu alkawarin wurin muddin akwai sauran Masai a duniya. Masai suka kai ƙara kotu a Mombasa, kotu ta kori ƙarar a 1913 da hujjar cewa yarjejeniyar tsakanin hukumomi biyu ce, ba ta da hurumin shiga. Abin da ya raba makomarmu da tasu ba kirkin gwamna ba ne. Zafin ƙasarmu da sauro da yawan jama'a da ƙarfin masarautu ne suka sa Turawa ba su yi sha'awar zama da iyalansu a nan ba. Da Kano tana da sanyin Njoro, da wataƙila labarin da nake bayarwa na kakanninmu ne.

Sannan fili ba ya noma kansa. Domin a tilasta wa mutanen da suke da abincinsu su fito ƙwadago a gonar baƙo, aka aza harajin ɗaki, aka ƙara da na kai, wanda ba a biya sai da kuɗin Bature. Aka hana 'yan ƙasa shuka gahawa, amfanin da ya fi kawo kuɗi, hanin da bai sassauta sosai ba sai a shekarun 1950. Daga wajen 1920 kuma aka wajabta wa kowane namiji da ya tasa ya rataya kipande a wuyansa duk inda za shi a wajen yankin ƙabilarsa. Wani ɗan ƙaramin gwangwani ne na ƙarfe da igiya, a cikinsa takarda mai ɗauke da sunan mutum da ƙabilarsa da zanen yatsunsa da sunan ubangidan da yake yi wa aiki da albashinsa. In ubangida bai sa hannu ya sallame shi ba, ba shi da damar neman aiki a wani wuri, in ya tafi a kama shi a matsayin gudajje. Kikuyu suka sa masa suna mbugi, wato ƙararrawar da ake ɗaura wa akuya. Ga iyalai da yawa a Kenya, wannan takarda ita ce rubutu na farko da ya taɓa ambaton sunan kakansu.

Wannan bambanci na rubutu shi ya fi ci mini rai. Kakata, Allah ya ji ƙanta, tana iya jero kakanninta bakwai ba tare da ta yi tuntuɓe ba, ta san wace gona ce ta wane, ta san kukar da ta raba iyakar gidanmu da maƙwabta da shekarar da aka yi rigima a kanta, amma ranar da aka binne ta aka binne mafi yawan wannan sani, domin babu wanda ya rubuta. Nellie kuwa tana da rajistar coci da littattafan nasabar sarakuna da hotuna da wasiƙu da 'ya marubuciya. Hausawa suka ce dokin mai baki ya fi gudu. Mun san abin da Nellie ta shuka da abin da ya dame ta shekara bayan shekara. A ranar 16 ga Maris 1922 kuwa, a gaban ofishin 'yan sanda da ke kallon otal ɗin Norfolk ɗin nan da aka yi cinikin gonarta, wata mata Bakikuya mai suna Muthoni Nyanjiru ta shiga gaban dubban mutanen da suka taru suna neman a saki Harry Thuku, wanda ɗaya daga cikin manyan koke-kokensa shi ne tilasta wa mata da 'yan mata aiki a gonakin gahawa da hanyoyi. Aka buɗe wuta, ta faɗi cikin waɗanda suka fara faɗuwa. Gwamnati da kanta ta amsa cewa mutum 21 suka mutu, shaidu suka ce sun fi haka nesa ba kusa ba. Abin da tarihi ya adana game da rayuwar wannan mata kafin ranar bai cika shafi ɗaya ba. Matan nan biyu sun yi zamani ɗaya a ƙasa ɗaya, kuma gahawar da ɗaya take shukawa tana da alaƙa da abin da ya fito da ɗayar kan titi.

Masu kare 'yan kama-wuri-zauna suna da hujja biyu da suka cancanci a amsa su da gaskiya. Ta farko ita ce mace kamar Nellie ba ita ta rubuta doka ba, ita kanta a ƙarƙashin maza take. Haka ne, amma mulkin mallaka ya ɗaga matsayinta ta hanyar da ƙasarta ta haihuwa ba ta yi ba. A 1919 matan Turawa a Kenya suka sami 'yancin jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar dokoki, bayan fafutukar ƙungiyar da suka kafa a 1917, a lokacin da a Ingila mace sai ta kai shekara 30 take zaɓe, kuma ba a daidaita ta da namiji ba sai 1928. Ɗan Afirka na farko bai shiga wannan majalisa ba sai 1944, shi ma ɗin, wato Eliud Mathu, naɗa shi aka yi, kuma ba a bar 'yan ƙasa sun zaɓi wakilansu ba sai 1957, da sharuɗɗan dukiya da ilimi. Macen da aka hana rabo a gidan ubanta ta zo ta sami ƙuri'a da gona da ma'aikata a gidan wasu, kuma tauyewar da aka yi mata a can ba ta biya bashin abin da ta samu a nan ba.

Hujja ta biyu ita ce kada a auna mutanen jiya da ma'aunin yau. Da zan karɓi wannan da a ce babu wanda ya ga laifin abin a lokacin. To amma an gani, an kuma faɗa. Likita Norman Leys, ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne, ya tsaya wa Masai har aka ɗauke shi daga ƙasar aka tura shi Nyasaland. McGregor Ross, wanda ya shugabanci ma'aikatar ayyuka, kuma mijin matar da ta kafa ƙungiyar matan Turawan da na ambata, ya soki tsarin ƙasa da ƙwadago a fili. A 1923 gwamnatin Landan da bakinta ta bayyana cewa Kenya ƙasar 'yan Afirka ce kuma bukatunsu ne a gaba, sannan ta bar abubuwa yadda suke. Su kuwa Masai da Kikuyu ba su taɓa yin shiru ba. Ma'aunin yana nan tun a jiyan, waɗanda suka ƙi amfani da shi zaɓi suka yi. Gidan Grant ma ba 'yan kallo ba ne a wannan muhawara: a 1935 Elspeth ta rubuta tarihin Lord Delamere a ƙarƙashin taken da ke kiran Kenya ƙasar farin mutum, ko da yake daga baya ra'ayinta ya sassauta har ta karɓi batun 'yancin kai.

Gonakin Njoro da kewaye sun dogara ne da iyalan Kikuyu da suka rasa fili a gida suka bi Turawa zuwa can. Ana ba su ɗan wurin shuka da kiwo, su kuma su biya da aiki. Dokar 1918 ta yanka musu kwana 180 a shekara, ta 1937 ta ba da damar a kai shi har kwana 270, ta kuma ba majalisun Turawa na gundumomi ikon rage musu awaki da tumaki, waɗanda su ne bankinsu da sadakinsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga cikin waɗannan mutane, musamman waɗanda gwamnati ta tsugunar a yankin Olenguruone sannan aka sake korarsu, rantsuwar da ta haifi Mau Mau, wato tawayen da aka yi wa mulkin Turawa da makami, ta yi ƙarfi. Aka kafa dokar ta-ɓaci a ranar 20 ga Oktoba 1952, aka kwashe dubban iyalai daga gonakin Turawa aka watsa su a yankunan da wasunsu ba su taɓa gani ba. Turawa fararen hula 32 aka kashe a tsawon rikicin, kuma kowane ɗayansu an san sunansa da yadda ya mutu. A ɗaya ɓangaren gwamnati ta rataye mutum 1,090, ta ƙirga fiye da 11,000 da ta ce ta kashe a fagen fama, ban da dubun dubatar da aka tsare a sansanoni, inda a sansanin Hola kaɗai aka doke mutum 11 har lahira a 1959. Su ma Kikuyu da suka goyi bayan gwamnati an kashe su da yawa, rikicin ya raba wa da ƙane.

Takardun da za su ba da wannan ɓangare na labarin ba ɓata suka yi da kansu ba. Gab da ba da mulki an ƙone wasu, an kwashe wasu zuwa Ingila an ɓoye. Sai a 2011, da wasu tsofaffi 'yan Kenya suka kai ƙara Landan a kan azabar da aka yi musu, gwamnatin Birtaniya ta amsa cewa tana riƙe da fayil kimanin 1,500 na Kenya a wata ma'ajiyarta da ke Hanslope Park a Ingila, tare da dubbai na wasu ƙasashe, ciki har da Najeriya. A 2013 ta amince ta biya fam miliyan 19.9 a kan ƙarar mutum 5,228. Saboda haka idan aka ce tarihin Baturiya ya fi yawa domin ita ce ta yi rubutu, a ƙara da cewa akwai hannun da ya rage na sauran da gangan.

Kenya ta sami 'yanci a ranar 12 ga Disamba 1963. Ƙasar da aka karɓa da doka ba a mayar da ita da doka ba, saye aka yi. A ƙarƙashin shirin eka miliyan ɗaya, Birtaniya da Bankin Duniya da Jamus ta Yamma suka ba da kuɗi, mafi yawansa rance, aka biya Turawan da ke son tafiya, sannan aka ɗora bashin a kan ƙananan manoman da aka zaunar. Manyan gonaki da yawa kuma suka faɗa hannun sababbin masu mulki. Nellie ta bar Njoro a 1965 ta koma kudancin Fotugal, ta rasu a can a 1977. Tambayar da aka bari ba a amsa ba, wato wa ya fi haƙƙi a kan wannan ƙasa tsakanin Masai da Kalenjin da Ogiek da jikokin Kikuyu da aka haifa a gonakin Turawa, ita ce ta riƙa dawowa da jini a Molo da Njoro a shekarun 1990, da kuma bayan zaɓen 2007, lokacin da aka kashe fiye da mutum 1,000.

Ba ina kira a tsine wa matacciya ba ne, ba kuma ina ɗora wa jikokin 'yan kama-wuri-zauna laifin da ba su aikata ba. Mu ma in za mu yi adalci, tarihin manyan gidajenmu yana da irin wannan giɓi: ana jero sarakuna da malamai da attajirai na zuriya, ba a ambaton bayin da suka noma gandu da rinji, alhali jikokinsu suna nan tare da mu. Abin da nake nema ga mai rubuta tarihin zuriya, Bature ne ko Bahaushe, shi ne idan ya iso kan gona ya tsaya ya yi mata tambayoyin da yake yi wa mutum: wa ya riƙe ta kafin nan, ta wace hanya ta sauya hannu, su wa suka yi gumi a kanta, ina zuriyarsu take yanzu.

A game da Kenya ma aikin ba gagara ya yi ba. Tsakanin 1932 da 1934 wani kwamiti a ƙarƙashin Sir Morris Carter ya zagaya ƙasar yana sauraron koke a kan filaye. Hukuncinsa bai yi wa 'yan ƙasa daɗi ba, domin ya amsa cewa Kikuyu sun yi asara, sannan ya tabbatar wa Turawa iyakar tuddan da suka riƙe. Amma shaidar da ya tattara an buga ta a manyan juzu'i uku, kuma a ciki akwai ɗaruruwan koke-koke na zuriyoyin Kikuyu, dattawa suna faɗin sunan kakan da ya fara mallakar wuri, da awakin da ya biya, da koguna da tuddan da suka yi masa iyaka, da sunan Baturen da yake zaune a kai a ranar da suke magana. Juzu'an suna nan a ɗakunan ajiyar tarihi na Nairobi da Landan, a biranen da ake zuwa neman takardun gidan Grosvenor da na gidan Grant.